Falo Mai Launi: Hanyar Dorothy Draper ko ta Nancy Lancaster?

A 'yan shekarun nan ruwan toka ya ci kasuwar adon gida. Duk falon da mutum ya shiga a sababbin unguwanni, sai ya tarar da bango ruwan toka, kujeru ruwan toka, labule ma haka, in ban da ɗan farin da aka bar wa silin, har baƙo yakan yi shakkar ko gidan da ya je jiya ne ya sake komawa. Wanda wannan yayi ya ishe shi, yake kuma son ɗaki mai launi wanda ba zai zama abin kunya ba bayan damina biyu, akwai mata biyu da ya kamata ya san aikinsu kafin ya kira mai fenti: Dorothy Draper da Nancy Lancaster. Dukansu haifaffun Amurka ne, 'ya'yan masu hali, kuma dukansu sun gina adonsu a kan tsohon fasalin gidajen Turai, wato daidaita hagu da dama, da kujeru masu sassaƙa, da yadi mai furanni, da manyan madubai. Babu wadda ta ji tsoron launi a cikinsu. Iyakar inda suka haɗu ke nan, daga nan kowace ta kama gabanta, kuma mai gidan da ya ɗebo rabi nan rabi can ba tare da ya gane bambancin ba, shi ne yake ƙarewa da falo mai kama da rumfar 'yan yadi.

An haifi Draper a 1889 a Tuxedo Park, wata unguwar attajirai a jihar Niyok, ta kuma buɗe kamfaninta a shekarun 1920, lokacin da ba a saba ganin mace tana karɓar kwangilar manyan gine-gine ba. A otal-otal da wuraren cin abinci sunanta ya fito. Ta yi Hampshire House a birnin Niyok a 1937, ta yi otal ɗin Quitandinha a garin Petrópolis na Birazil a shekarun 1940, ta yi ɗakin cin abinci na gidan tarihin Metropolitan na birnin Niyok a 1954. Amma aikin da ake fara ambata idan an kira sunanta shi ne Greenbrier, wani katafaren otal a jihar Bajiniya ta Yamma, wanda sojojin Amurka suka mayar asibiti a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ƙare, kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ya sake sayensa a 1946, ya damƙa mata shi, aka buɗe a 1948 bayan ta sake masa kama tun daga bango har tufafin ma'aikata. Yadin da aikin ya ci ya kai yadi 45,000, takardar bango kuwa naɗi 15,000.

Wanda ya dubi hotunan wurin, abin da zai fara dukan idonsa shi ne daɓen, murabba'i fari, murabba'i baƙi, a jere har ƙarshen zaure. Sai bango mai ratsi, faɗin kowane ratsi ya kai tafin hannu ko ya fi, kore da fari, ko ruwan hoda da fari. Sai ƙofofi masu duhun fenti suna sheƙi, da farin adon filasta da aka zuzuta girmansa da gangan a kewayen ƙofa da madubi, da kujeru sanye da yadi mai furen wardi, kowane fure ya kusa kan kabeji. Takan ajiye ja kusa da ruwan hoda, ta ajiye kore kusa da ruwan bula, haɗin da mutanen zamaninta suke ganin ganganci ne. Abin da ya hana duk wannan zama hauka shi ne fari da baƙi, domin su ne suke riƙe da linzamin sauran launukan, suna ba ido wurin hutawa tsakanin wannan da wancan. Launi a wurinta tsantsa ne, ba a sirka shi, kuma komai sabo ne fil, ana son ya ci gaba da zama sabo.

Lancaster kuwa, wadda aka haifa a Bajiniya a 1897, aure ne ya kai ta Ingila, kuma a gidajen da ita kanta ta zauna ta koyi sana'ar: Kelmarsh Hall, da Ditchley Park inda Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill yakan je hutun ƙarshen mako a lokacin yaƙi idan farin wata ya sa masaukinsa na Chequers ya zama mai sauƙin hange ga jiragen yaƙin abokan gaba, sai kuma Haseley Court da ta saya a 1954. A shekarun 1940 ta sayi kamfanin adon gida na Colefax and Fowler, ta haka ta zama abokiyar aikin John Fowler, mutumin da ya fara neman abinci da fentin kayan katako kafin ya zama gwanin launi da labule na ƙasar. Ita ke da ido da sanin yadda ake zaman gida cikin jin daɗi, shi ke da hannu da sanin tarihi. An ce ba sa wuni ba su yi gardama ba, amma daga wannan gardamar ce aka sami salon da duniya ta sani da adon gidajen karkarar Ingila.

Ɗakinta da ya fi shahara shi ne Rawayan Ɗaki, a unguwar Mayfair ta Landan, wanda suka gama a ƙarshen shekarun 1950. Dogon ɗaki ne da ya haura ƙafa 40, rufinsa a lanƙwashe kamar bakan gizo. An shafa wa bangon rawaya irin ta man shanu, shafi a kan shafi, har ya riƙa ɗaukar ido kamar an zuba masa ruwa, labulen ma rawaya ne amma ba daidai da ta bangon ba. A ƙarƙashin wannan launi guda aka tara abubuwan da ba dangin juna ba: kujerun zamani daban-daban, kabad cike da littattafai, manyan zane-zane na dauri, tangaran mai fari da shuɗi, da kushin masu laushi da aka sa wa riga. Fowler yana da wata dabara da ya kamata kowane mai fenti ya sani, wato ba ya shafa wa ƙofa ko allon bango launi ɗaya, sai ya yi amfani da ruwa biyu ko uku na launin, mai haske a inda ya tudu, mai duhu a inda ya lotsa, ta yadda katakon zai yi zurfi ba tare da mai kallo ya gane dalili ba. Game da tsufa kuwa, nemansa suke yi. Lancaster takan bar kujera mai sabon yadi a waje rana da ruwa su dake ta, Fowler kuma yakan tsoma yadi a ruwan shayi, duk don kada ɗaki ya yi kama da wanda aka sayo jiya. Daga baya wani Ba'amurke mai sana'ar adon gida, Mario Buatta, wanda ganin wannan ɗakin ne ya saita masa hanya, ya nuna cewa salon yana shiga ƙananan gidajen bene na birni, ba sai fadar karkara ba.

Ma'aunin farko da ya kamata mai zaɓi ya ɗora su a kai shi ne girman ɗaki, kuma a nan babu doguwar magana. An yanka adon Draper ne daidai zauren otal, inda rufi yake da nisa, mutum kuma wucewa yake yi, ya gani, ya yi mamaki, ya tafi. Idan aka kawo ratsi mai faɗin tafin hannu da fure mai girman kabeji cikin ɗaki ƙafa 12 da 12 mai gajeren silin, bangon zai taso wa mazauna, kuma abin da ya burge baƙo na minti goma shi ne zai gajiyar da wanda yake wuni a wurin. Wanda falonsa yake da faɗi da tsawon rufi, ko yake son gyara soro, ko baranda, ko hanyar shiga ɗakuna, wannan ya sami abin da yake nema. Salon Lancaster bai damu da girma ba, domin ƙarfinsa yana cikin tarin ƙananan abubuwa ne.

Batun haske ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Da farko mutum zai ce ai ranarmu mai ƙarfi ce, fara tas, saboda haka launi tsantsa irin na Draper shi ne zai iya tsayawa a gabanta, sirkakken launin Ingila kuwa, wanda aka yi domin hazon Landan, zai zama kamar dauɗa. A waje haka ne, kuma duk wanda ya ga zanen bangon gidajen birnin Zariya da hantsi ya san cewa ja da kore da shuɗi ba sa jin kunyar rana. Amma falo ba waje ba ne. Tagoginmu ƙanana ne, a bayansu akwai ƙarfen tsaro da ragar sauro, a gabansu kuma labule mai kauri da ake saki tun safe domin zafi, har ta kai yawancin falukan da na sani sun fi ɗakin Landan duhu da tsakar rana. A irin wannan ɗaki, koren Draper mai duhu yakan koma kamar cikin rijiya, alhali rawayar Lancaster, wadda dama an haɗa ta ne don ta kama ɗan hasken da ya samu ta yaɗa shi, tana buɗe wuri. Da dare kuma sai wata matsalar ta taso, domin farin ƙwan fitila na sola da ya cika gidaje yana juya launi: rawaya takan karkata zuwa kore, ruwan hoda ya yi sanyi ya nufi shunayya, ruwan madara ya mutu. Dukan salon biyu an yi su ne a ƙarƙashin fitila mai ɗumin haske, saboda haka wanda ya zaɓi ko wanne daga cikinsu, sai ya haɗa da sauya ƙwayayen fitilarsa zuwa masu ruwan zuma, ya kuma rage dogaro da ƙwai ɗaya tilo a tsakiyar silin.

Rana tana da wani aikin, wato cin launi. Labulen da ke tagar gabas ko ta yamma ba ya daɗewa bai koɗe ba, kuma ja ne yake fara tafiya. A ɗakin Draper wannan asara ce, domin da zarar koren ya dusashe, farin ya yi ruwan ƙasa, duk kwarjinin ya tafi, ya bar ɗaki kamar amarya washegarin biki. Greenbrier ya riƙe kyansa ne saboda otal ne mai kasafin gyara, kuma almajirinta Carleton Varney, wanda ya gaji kamfanin, ya ci gaba da sabunta adon har rasuwarsa a 2022. Mai gida mai albashi ba shi da wannan gata. A ɗakin Lancaster kuwa, koɗewar da ita take saye da wahala, mu kyauta rana take ba mu, kuma labulen da ya sha shekara uku ya fi dacewa da sauran kayan fiye da ranar da tela ya kawo shi.

Idan aka zo kan ƙura, sai ma'aunin ya juya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake shigo da ƙura ta kowace kafa, ɗakin da aka cika da yadi azaba ne. Labule mai tattara da naɗe-naɗe irin na Fowler, da tulin matasai, da littattafai a buɗe, da ƙananan kayan tangaran a kan kowane tebur, duk matattarar ƙura ce, kuma a gidajen da aka ƙirƙiri salon akwai barori masu wannan aikin. Ga mai asma ko yaro mai yawan mura, wannan kaɗai ya isa dalili. Draper ta fi sauƙi ta wannan fuska, tun da tayil da fenti mai sheƙi da filasta duk tsumma mai ɗan ruwa ya ishe su. Sai dai a san cewa babu abin da yake tona asirin ƙura kamar baƙin tayil mai ƙyalli: a goge shi da safe, kafin azahar sawun kowa ya fito a kai. Wanda ya nace wa daɓen fari da baƙi, gara ya nemi baƙin da ba ya sheƙi, ko ya maye gurbinsa da makuba ko kore mai duhu. Takardar bango kuwa, wadda dukansu biyu suka yi amfani da ita, ba na ba kowa shawararta sai wanda ya tabbata bangonsa ba ya tsotsar danshi da damina, domin abin da damina ta jiƙa, hunturu ne yake ɓamɓare shi ta wajen haɗin.

Ta fuskar kuɗi, kayan aikin Draper ba su da tsada a karan kansu: fenti ne, da tayil, da filasta, kuma masu aikin silin na filasta a garuruwanmu sun ƙware ƙwarai, za su iya fitar da adon kewayen ƙofa da madubi in an ba su zane. Tsadar tana wuri biyu. Na farko, dole a yi komai a lokaci ɗaya, domin rabin ɗakin Draper ba ya kallo. Na biyu, salon ba ya yafe kuskuren hannu ko kaɗan. Na ga wannan da idona a gidan wani ɗan gwaggona, wanda ya ga hoto ya ce lallai sai an yi masa ratsin kore da fari da fentin mai. Mai fentin ya dubi hoton a waya, ya ce, "Alhaji, wannan ai aikin kwana biyu ne." Kwana biyun kuwa ya yi. Da la'asar ta yi, rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a jikin bangon, sai ga duk wani tudu da kwari na filastar magini ya fito ɓaro-ɓaro, domin fenti mai sheƙi madubi ne ga aibin bango. Ratsin kuma, tun da kusurwar ɗakin ba a miƙe take ba, ya fara da faɗin tafin hannu a sama, ya ƙare da yatsa uku a ƙasa. Sai da aka kankare, aka shafe bangon aka goge ya yi sumul, aka ɗauko igiya da ma'aunin magina aka fitar da layi, sannan aka sake. Kuɗin gyaran ya fi na aikin farko. Araha dai ba ta ado.

Hanyar Lancaster ta fi tafiya da aljihun da yake cika a hankali. Ana fara ta da launin bango ɗaya mai kyau da kujera ɗaya mai daɗin zama, sauran su biyo baya cikin shekaru, kuma rashin zama saiti shi ne kyanta. Fowler kansa ya goge ne a zamanin ƙarancin yadi na lokacin yaƙi, lokacin da ake rina barguna da zannuwan gado a yi labule da su. Abin da ake bukata shi ne kafinta mai haƙuri wanda zai gyara tsohuwar kujerar katako mai ƙwari maimakon ya ce a jefar, da tela wanda zai ɗinka wa kushin rigar da ake cirewa a wanke. Wannan rigar ita ce amsar salon ga ƙura da hannun yara, kuma yadinta yana nan a Kantin Kwari, in mutum ya nemi auduga mai nauyi ya guji mai santsi. A tuna kuma cewa labule yana son yadin da ya ninka faɗin taga sau biyu zuwa biyu da rabi, in ba haka ba ya rataye kamar zanen shanya. Haɗarin wannan hanya shi ne ta rikiɗe ta zama tarkace. Lancaster tana haɗa abin da bai dace ba ne da ido wanda ya san abin da ya dace, kuma ɗakinta yana da ƙashin baya: fitilu biyu-biyu, kujeru suna fuskantar juna, babban abu a tsakiyar bango. Wanda ya ɗauki tarin ya bar tsarin, shago ya buɗe.

Akwai kuma abin da ba ya cikin lissafin fenti da yadi, wato idon dangi. Ɗakin gwaggona, Allah ya ji ƙanta, jere ne tun daga kan kabad har kusa da rufi: kwalla da samira da tasoshi, farare masu jan fure da shuɗi da ruwan ɗorawa, babba a ƙasa ƙarami a sama, hagu daidai da dama, kowanne an goge shi yana walƙiya. Da na girma na ga hotunan Greenbrier, sai na gane cewa ita da Draper da sun fahimci juna ba tare da tafinta ba: launi tsantsa, maimaici, daidaito, da sabunta. Wata rana na nuna mata hoton wani falon Ingila mai koɗaɗɗen yadi, na ce mata masu kuɗi ne suke yin haka da gangan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini, ta ce, "Kai ɗan nan, tsohon abu a ɗakin mace ai gori ne." Maganarta tana da nauyi. A inda ake kai kayan ɗaki rana ɗaya, 'yan jere su shirya, dangin miji su shigo gani, koɗaɗɗiyar kujera ba za a karanta ta a matsayin gado ba, za a ce iyayen yarinya ne suka gaza. Saboda haka ga ɗakin amarya, wanda dama a lokaci ɗaya ake sayen komai nasa, hanyar Draper ce ta dace da yadda abin yake tafiya, in dai an rage girman zanen daidai ɗakin, aka kuma tsaya a kan launi biyu da fari.

Sai dai gidan da ya shekara goma ba ɗakin amarya ba ne. Kaya sun taru, wasu na gado, wasu tsaraba daga Makka, wasu an saya don an ga araha, kuma babu mai niyyar zubar da su don ya fara daga farko. Irin wannan gida, wanda shi ne gidan yawancinmu, Lancaster ce take da abin faɗa masa. Ba a bukatar tsofaffin kayan Turawa, tun da namu suna nan: tumtum na jar fatar Sakkwato, da luru mai ratsi da za a yafa a bayan kujera, da yadin da aka rina a karofin Ƙofar Mata a yi rigar matashi da shi, da tiren tagulla na Bida, da faifai masu launi, da tsohuwar adakar kaka wadda za ta zama teburin tsakiya. A bangon da Turawa suke rataya hoton kakanni da na karnuka, abin da gidaje da yawa ba za su yi ba saboda addini, allon zayyana na saukar karatu yana cika wurin, haka ma rubutun ayoyi a firam, ko 'yan kwalla shida daga jeren uwa a jera su da tsari. Akwai ma wani dacen da ba a cika lura da shi ba. Mu mutanen zaman ƙasa ne, a ƙasa ake cin abinci, a nan ake salla, a nan yara suke kwanciya, kuma salon da ya ginu a kan darduma mai zane da matasai da kujerun da ake iya ja gefe ya fi karɓar wannan rayuwa fiye da daɓen tayil mai sanyi wanda aka yi don a gan shi a buɗe.

In aka tilasta mini zaɓar ɗaya domin falon da iyali suke wuni a ciki, Lancaster zan ɗauka, amma da gyara biyu da ba zan sassauta a kansu ba. Na farko, a rage yadi da kusan rabi: labule miƙaƙƙe marar tattarar sama, darduma wadda mutum biyu za su iya fitarwa su kakkaɓe maimakon kafet na bango zuwa bango, littattafai da tangaran a bayan gilashi. Na biyu, a ƙara wa launin ƙarfi da taki ɗaya fiye da yadda yake a hotunan Ingila, domin launin da ya yi kusa da ruwan ƙasa, ƙura za ta ƙarasa shi, ya zama ba a san inda fenti ya tsaya datti ya fara ba. Draper kuwa ina bar mata soro, da falon baƙi in yana da girma, da gidan saukar baƙi ko ɗakin taro, wuraren da ake shiga a fita kuma ake son a tuna da su. Abu ɗaya nata da zan shigo da shi ko'ina shi ne ƙofa: ƙofar katako mai kyau da aka yi wa fenti mai duhu mai sheƙi, da farin kewaye, tana ɗaga ɗaki da kuɗi kaɗan, kuma ba ta faɗa da kowane salo.

Ko wanne aka zaɓa, kada a yanke hukunci a kan ɗan katin launi na shagon fenti. A sayi ƙaramin gwangwani na launi biyu ko uku, a shafa kowanne a bango faɗin zira'i biyu, shafi biyu, ɗaya kusa da taga ɗaya a lungu, a jingina yankin yadin labule da na kujera a gefensa. A duba da hantsi, a duba da azahar labule a sake kamar yadda aka saba, a duba da la'asar sakaliya, sannan a duba da dare a ƙarƙashin fitilar da za a zauna da ita. Da na yi wa falona haka a wani hunturu, rawaya uku na shafa, na bar su mako guda ba a goge ba. Wadda na fi so a shago ta koma ruwan lemon tsami da dare, ta biyu ta haɗiye ƙura ta zama kalar katanga, ta ukun, wadda mai fenti ya ce ta yi kama da ƙwai da yawa, ita ce take bangon har yau. Kujerar mahaifina mai hannun katako tana jingine da ita, sanye da rigar shuɗi ta biyu, ta farkon kuwa an yanka ta an yi wa matasai.